Wutar Rana a Asibiti da Jami'a: A Zauna da Mu Tun Ranar Tsari

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ikkilisiyoyi

 

An ce in yi magana a kan wutar lantarki. Na san wani dattijo zai ce a ransa, me ya haɗa fasto da waya da batir? Abin da ya haɗa mu shi ne ɗakin haihuwa. Bari in ba ku labari.

Shekarun baya, a wani ƙauye inda na yi aiki, aka buga mini ƙofa wajen ƙarfe ɗaya na dare. Matar wani ɗan'uwa ce naƙuda ta zo mata da gardama. Muka ɗauke ta zuwa ƙaramin asibitin garin. Hankalina a kwance yake, gama na san akwai farantan sola a kan rufin asibitin. Ina wurin ranar da aka buɗe su, ni ne ma na yi addu'ar rufe taro, kuma ba a cika shekara biyu da yin bikin ba. Da muka isa sai muka tarar da duhu. Unguwarzoma ta kama wayar hannu da haƙoranta tana haskawa, mu kuma muka tattara tocilan da muke da su. Allah ya kiyaye, uwa da jariri suka rayu.

Da gari ya waye na shiga tambaya. Aka ce mini batura sun mutu tun watanni. Lambar ɗan kwangila ba ta shiga. Mabuɗin ɗakin batura yana hannun wani ma'aikaci a hedikwatar ƙaramar hukuma. Duk garin babu wanda aka koya masa ko share ƙurar farantan. Sai na tambayi kaina, ni da na yi addu'a na tafa hannu a ranar biki, wace tambaya na yi? Ban yi ko ɗaya ba. An gayyace mu cin shinkafa, mun ci, mun watse.

Saboda haka maganata a yau guda ɗaya ce. Wutar da aka shirya ba tare da mutanen wurin ba, ba ta daɗewa. Kuma lokacin da ya kamata mu shiga shi ne ranar da ake tsara aikin, ba ranar yanke zare ba. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Dalilin da maganar ta taso yanzu

Dukanmu mun san halin da wuta take ciki. An sāke wa NEPA suna a shekarar 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma duhu bai sāke hali ba. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ne ba su da wutar lantarki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ta da janareto ya gagari ƙananan asibitoci da yawa. A watan Afrilu 2024 kuɗin wuta na waɗanda aka sa a rukunin A ya ninka fiye da sau uku, ya kai naira 225 kowane yunit, kuma manyan asibitoci da jami'o'i da dama suna cikin wannan rukuni. A ƙarshen 2024 kamfanin rarraba wuta ya yanke wa babban asibitin koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi, aka yi watanni ana fama. A watan Oktoba 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna.

A gida rashin wuta takura ne. A asibiti kuwa maganar rai ce. Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in sun yi zafi sun lalace ko da ido bai nuna ba. Jinin da ake ƙara wa marasa lafiya shi ma sai da firji. Na'urar da ke tace iskar numfashi ga yaro mai ciwon haƙarƙari, da kwalbar da ake sa bakwaini, da fitilar ɗakin tiyata, duk da wuta suke aiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomi ta fitar da rahoto cewa kusan mutum biliyan ɗaya a ƙasashe marasa ƙarfi suna dogara ga asibitocin da ba su da wuta sam, ko kuwa wutarsu ba abin dogara ba ce.

Wannan ne ya sa aka juya ga hasken rana, wanda muke da shi a yalwace a wannan yanki. Hukumar samar da wuta a karkara, wato REA, tana da shirin da aka tsara don jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7. A ƙarƙashinsa ne aka buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Satumba 2019. Kashi na biyu na shirin, da kuɗin Bankin Duniya, ya haɗa da Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta, da jami'ar tarayya ta Gashuwa. Kashi na uku, da kuɗin Bankin Raya Afirka, ya haɗa da jami'o'in Yola da Dutsin-Ma da Lafiya. Ban da waɗannan, jihohi da ƙungiyoyin agaji suna ta sa sola a ƙananan asibitoci. Abin alheri ne, ba na kushe shi. Sola ba ta hayaƙi, ba ta ƙara a kunnen marar lafiya, ba ta jiran tankar mai. Amma duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga matattun fitilun sola a tsaye kamar busassun itatuwa ya san cewa kafa abu daban ne, riƙe shi daban ne.

Abin da tarihi ya koya mana

Ba yau aka fara kawo babban aiki a ƙasar talakawa ba tare da an zauna da su sosai ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 don samar da wuta, ruwa ya cinye tsohon garin Busa, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga mazauninsu. Wutar ta tafi manyan birane, ƙauyuka da yawa a bakin tafkin suka daɗe suna kunna aci-bal-bal suna kallon wayoyi suna wucewa ta bisa kansu. A Bakalori, kusa da Talatar Mafara, rikicin gonaki da diyya a kan madatsar ruwan noman rani ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu 1980.

Tashar sola ba ta kai madatsar ruwa girma ba, amma tambayoyin ba su sāke ba. Ƙasar wa za a ɗauka? Wa zai amfana? Wa aka tambaya?

Abin da ya shafe mu a ciki

Na fari, ƙasa. Megawat ɗaya na sola yana cin fili kamar hekta ɗaya da rabi zuwa biyu. Ku lissafa megawat bakwai ko goma. Jami'a za ta ce filinta ne, tana da takarda, kuma gaskiyarta ce. Amma mun sani a wurare da yawa filin da ke cikin takardar jami'a akwai waɗanda suka yi shekaru suna noma shi, akwai burtali, akwai hanyar da mata ke bi zuwa rafi, wani lokaci har da makabarta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma idan gwamnati ta karɓi fili, diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka ranar da ake ƙidaya itatuwa da kunyoyi rana ce mai muhimmanci. Wanda ba ya wurin a ranar, da wuya sunansa ya shiga takarda. Gwauruwar da take noma gonar aro ita ce ta farko da ake mantawa da ita.

Na biyu, ruwa. Ƙurar hunturu tana rufe farantan sola ta rage ƙarfinsu ƙwarai, sai ana wankewa a kai a kai. Da wane ruwa? In za a haƙa rijiyar burtsatse domin tashar, me zai hana a sa famfo guda a waje da katanga saboda maƙwabta? Wannan abu ne mai sauƙi in an faɗe shi lokacin zane. In an riga an gama gini sai a ce babu shi a cikin kwangila.

Na uku, batura. Farantai sukan yi shekara ashirin ko fiye. Batura ba haka suke ba. Na dalma sukan gaji cikin shekara uku zuwa biyar, na litiyam sukan kai wajen goma in an kula da su. Ke nan tun ranar buɗewa an san za a sake sayen batura. Wa zai biya? Ina aka ajiye kuɗin? Nan ne yawancin ƙananan ayyuka suke mutuwa, kamar yadda na asibitin ƙauyenmu ya mutu. Sa'an nan ina za a kai matattun batura? Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara kimanin 400 suka mutu. Wancan daga haƙar zinariya ne, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan guba. Idan aka sayar wa 'yan gwangwan suka fasa su a bayan gidajenmu, yaranmu ne za su yi wasa a cikin wannan ƙasa.

Na huɗu, aiki da tsaro. Shirin jami'o'in da na ambata yana da cibiyar koyar da aikin sola, har ana ɗaukar ɗalibai mata su koyi aikin. To ina yaran unguwa da ba su shiga jami'a ba? Share farantai, nome ciyawa, gadi, ɗaura waya, duk ayyuka ne da za su iya koya. Ku lura da wannan: katanga da mai gadi ba su isa su hana satar waya da batir ba. Abin da ke hana sata shi ne idon maƙwabta. Mutumin da ɗansa ke cin abinci a tashar, wanda matarsa ta haihu a ƙarƙashin haskenta, ba zai ga ɓarawo ya kau da kai ba. Wanda aka ƙwace wa gona aka bar shi cikin duhu kuwa zai ce ina ruwana.

Na biyar, hasken kansa. Yawancin waɗannan tashoshi an gina su ne don cikin harabar jami'a ko asibiti kaɗai. Wutar tana tsayawa a bakin katanga. Da tsakar rana, da kuma lokacin hutun ɗalibai, sau da yawa tashar tana iya samar da fiye da abin da ake bukata. Ba na cewa a ba mu wuta kyauta. Amma ana iya tambaya tun farko ko za a iya miƙa layi zuwa asibitin unguwa, ko makarantar firamare, ko injin niƙa, a sa mita mu biya. Hukumar NERC mai kula da harkar wuta tana da ƙa'idojin ƙananan tashoshin unguwa tun 2016, kuma a cikinsu yarjejeniya da jama'ar wurin sharaɗi ce. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Wato ofishin da za a kai wannan magana ya matso kusa da mu.

Su wane ne “jama'a”?

Iyayena, nan ne inda abin ya fi shafarmu. Idan ka tambayi masu aikin za su ce ai mun tuntuɓi jama'a. In ka bincika sai ka tarar an je fadar hakimi, an zauna da dagaci da masu unguwanni da wasu manya biyar ko shida, an ɗauki hoto, an sa hannu. Muna girmama sarakunanmu, kuma daidai ne a fara daga wurinsu. Amma zaure ba ya ɗaukar gari duka. Mata ba su shiga ba, alhali su ne suke kwana a asibiti da yara. Makiyayin da burtalinsa zai toshe bai ji labari ba. Baƙon da ya shekara talatin a garin ba a kira shi ba. Mu ma da muke 'yan kaɗan a garuruwa da yawa, sau da yawa sai dai mu ga motoci suna sauke kaya.

Ba kullum ba ne mugunta ce ke kawo haka. Wani lokaci hanzari ne, wani lokaci kuma laifinmu ne. Mun saba da cewa abin gwamnati ba namu ba ne, sai mu zauna a gefe, daga baya mu yi gunaguni. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ya san lissafin waya, amma tsohuwar da ke unguwar ita ta san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ta san inda iskar farkon damina ke yaye rufi. In ba mu faɗa ba, wa zai faɗa?

Ina roƙonku kuma kada mu mai da wannan maganar addini. Duhun ɗakin haihuwa ba ya tambayar sunan mace. Idan za mu je, mu je tare da maƙwabtanmu Musulmi, da limamin unguwa, da shugaban 'yan kasuwa, da arɗo. Takardar da liman da fasto suka sa wa hannu tare ba a jefa ta a kwandon shara da sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙofofin da doka ta buɗe

Ba alfarma muke nema ba. Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi cewa a yi bincike kafin a fara babban aiki, kuma bisa tsarin da ake bi akan baje rahoton a fili na kwanakin aiki 21, har da ofishin ƙaramar hukuma, domin jama'a su karanta su rubuta ra'ayinsu. Su nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa suka duba? Ayyukan da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suke ba da kuɗinsu kuma suna da sharaɗin a tuntuɓi waɗanda abin ya shafa, a kuma buɗe musu hanyar kai kuka. A 2024 an gyara dokar wuta aka ce manyan kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanar da ayyukansu na shekara domin garuruwan da suke zaune a cikinsu. Wannan manyan kamfanoni ya shafa, amma ya nuna cewa doka da kanta ta yarda maƙwabcin tasha yana da haƙƙi.

Abin da za mu yi

Ina ba da shawara kowace gunduma ta zaɓi mutum uku ko huɗu: dattijo guda, mace guda daga zumuntar mata, matashi guda, da wani wanda ya yi aikin asibiti ko aikin wuta. Muna da nas-nas da malamai da ma'aikata masu ritaya a kujerunmu kowace Lahadi, ba mu amfani da iliminsu. Da zarar an ji za a yi aikin sola a asibiti ko makaranta kusa da ku, su nemi maƙwabta, su je da ladabi, su yi waɗannan tambayoyi:

1. Ina iyakar filin, kuma yaushe za a ƙidaya amfanin gona? A nuna mana a ƙasa, ba a takarda kaɗai ba.
2. Waɗanne ɗakuna za a fara ba wuta in ƙarfi ya ragu? Ɗakin haihuwa da tiyata da firjin magani ya kamata su zo gaban ofisoshi.
3. Wa zai kula da tashar bayan ɗan kwangila ya tafi, har shekara nawa, da wane kuɗi?
4. Yaushe za a sauya batura, ina kuma za a kai tsofaffin?
5. 'Yan gari nawa za a koya wa aikin, a hannun wa mabuɗi zai zauna?
6. In an sami matsala, wa za a kira, a wane ofis?

Duk amsar da aka ba ku, ku rubuta, ku sa kwanan wata, ku nemi a sa hannu. Ku ajiye kwafi a ofishin ikkilisiya, ku ba mai unguwa kwafi. Alkawarin baki yana bin mai shi in aka yi masa canjin wurin aiki. A yi taron kuma da harshen da mutane suke ji, a lokacin da mata za su iya zuwa, ba ranar kasuwa ba.

Daga ƙarshe, mu duba gidanmu. Ikkilisiyoyi su ma suna da asibitoci da makarantu. Tun 1922 aka soma aikin asibiti a Vom, na Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950, ga Jami'ar Bingham da asibitin koyarwarta a Jos, ga ƙananan ɗakunan shan magani birjik a ƙauyukanmu. Idan wani mai taimako ya kawo mana sola, mu ma mukan rufe ƙofa mu yanke shawara mu biyar. Abin da muke nema a wurin gwamnati, mu fara yin sa. Mu kira mutanen gari, na cikinmu da waɗanda ba na cikinmu ba, gama su ne masu zuwa asibitin. Mu buɗe asusun batir tun watan farko, a riƙa zuba wani abu daga kuɗin man da aka daina saye, a riƙa karanta lissafin a gaban kowa. Kada mu karɓi kyautar da ba mu shirya riƙe ta ba.

Yaron nan da aka haifa da hasken waya yana makaranta yanzu. Duk sa'ad da na gan shi nakan tuna cewa tambayoyi shida a ranar da ta dace sun isa su hana wancan duhu. Ku koma gida ku tambaya ko akwai aikin da ake shirin yi kusa da ku. In akwai, kada ku jira katin gayyata.

 Allah ya ba mu hikima, ya kai kowa gida lafiya. Amin.